Kushen Na'Allah Dillali

Duk wanda ya taɓa jan akuya zuwa kasuwar bisashe ta Dakoro ya san Na'Allah dillali. In bai san sunanshi ba, to ya san tsakinshi. Gajeren mutum ne mai kunnuwa kamar marfin tukunya, da hula guda wadda ta je aure, ta je suna, ta je jana'iza har ta daina bambance su, da 'yar sanda wadda ba don dogarawa yake riƙe ta ba, don nuni.

Ubanshi manomi ne na gasken gaske, irin waɗanda ke gaida gero kafin su gaida mutum. Ya so ɗan ya gaje shi. Amma Na'Allah tun yana ƙarami, in anka miƙa mashi hauya sai ciwon ciki ya taso, in anka ce gobe kasuwa sai ya warke sarai. Da tsohon ya gaji sai ya ce, "Tahi, bakinka ya noma maka." Bakin kuwa ya noma. Shekara arba'in da shi yake ci da gida, ya aurar da 'ya'ya mata biyar, bai taɓa duƙawa a gona ba.

Ga yadda yake aikinshi. In bisa ta shiga ranshi, ba ya kallonta sau biyu. Sai ya wuce ta kamar bai gani ba, ya je ya gaisa da wanda ba ya ko son gaisawa da shi, sannan ya dawo yana jan ƙafa, ya buɗe bakinta da yatsa, ya ja tsaki, ya dubi mai ita da tausayi ya ce, "Bawan Allah, da ƙafarta ta zo ko ɗauko ta kunka yi?" Wadda kuwa yake son rabuwa da ita, kirari yake mata har ita kanta ta ɗaga kai ta duba ko da wata ake. Mutanen cikin gari, waɗanda iyakar saninsu da rago ranar layya ce, sun ɗauki maganarshi yankan wuƙa. Idon Na'Allah, in ji su, ba ya kuskure. Bai je Makka ba, bai gina soro ba, ko keke bai mallaka ba. Wannan sunan shi ne gonarshi, shi ne rumbunshi.

Da tsufa cutar tamola, wato ƙwallon ƙafa, ta kama shi, kuma ita kamar ƙyanda take, ta fi muni ga babba. Mutumin da bai taɓa shurin ko gwangwani ba ya zama ba ya da zance sai na ekip, ƙungiyar wasan unguwarsu, wadda samari sunka sa wa suna Hadarin Gabas. Hadari ne mai yawan cida, ruwan ne dai ba a cika gani ba. Kullum bayan la'asar yana fadar magoya baya, gindin iccen bedi, ƙofar shagon Idrisa tela, ana shan shayi ana gyara abin da masu wasa sunka ɓata. Matarshi Dela ta ce, "Ƙarti ashirin da biyu na bin fata guda, ko nama babu cikinta, kai kuma da furfurarka kana yi masu guɗa." Ya ce mata ba za ta gane ba. Ta ce Allah ya sa kar ta gane.

To, daminar bara, ana shirin kup, gasar cin kofin da ake yi lokacin babban hutun lakkol, wato makarantar boko, sai ya rage gurbi guda cikin takardar sunayen 'yan wasa. Mushe Abdulmumini, malamin lakkol (su ake ce wa Mushe) mai horar da yaran, ya ce ran Alhamis da azahar zai kai takardar wajen masu shirya wasa, kuma in an kai an kai ke nan. Sati biyu fada ba ta da aiki sai wannan gurbin.

"A ɗauki ɗan Hanatu mai waina," in ji Idrisa, allura a baki. "Dogo ne. In ya yi tsalle kanshi na taɓa reshen bedin ga."

Wani ya ce, "Dogo ne, amma tsoron tamola yake kamar kunama anka jefo mashi. In ta taho sai ya rufe ido."

"To yaron nan na bayan tasha?"

"Wane yaro? Wanda takardarshi ta ce shekara sha bakwai, ɗiyarshi ta fari tana aji uku? Tambayi Baba Na'Allah, ya taɓa buɗa mashi baki."

"Ya gama famfara tun zamanin da buhun hatsi ke da kunya," in ji Na'Allah, anka kwashe da dariya.

Haka anka yi ta tankaɗe har sunaye biyu sunka rage. Na farko Amiru, ɗan ƙanwar Alhaji Sharifu. Shi Alhaji Sharifu ɗan kasuwar hatsi ne mai kai kaya Najeriya, shi ke saya wa ekip mayo, rigunan wasa, don haka shi ne perezidan, shugaban ekip, ba sai an jefa ƙuri'a ba. Amiru na da takalmi ƙafa ɗaya kore ƙafa ɗaya ja, da aski mai zane kamar ƙwaryar amarya. Yana iya tsayawa wuri guda ya yi ta ɗaga tamola da gwiwa da goshi har shayi ya dahu. Amma a teren, filin wasa, in tamola ta zo inda yake sun gaisa, in ba ta zo ba shi ba ya zuwa gaisuwa. Na'Allah ya kalle shi sau ɗaya ya ce a ranshi, ragon turke ne, ga sheƙi ga ƙiba, ba ya tahiyar yini.

Na biyun Intalla, ɗan Buzaye makiyaya da sunka taso daga wajen Badar Gula sunka kafa zango a kan tudu, arewa da gari. Na'Allah ne ya fara ganinshi. Wata ran kasuwa bijimi ya tsinke igiya ya nufi rumfunan masu goro, kowa na neman inda zai sa kanshi, sai ga wani siririn saurayi ya biyo shi, ya tsallake buhuna, ya kauce wa amalanke, ya sha gabanshi ya juyo da shi, ko haki bai yi ba. Daga baya anka ji ashe yana buga tamola a ƙauye, ba takalmi. Tun ran nan Na'Allah ya ƙulla a ranshi cewa wanga yaro na Hadarin Gabas ne. Amma bai faɗa wa kowa ba. Dillali ba ya nuna inda ranshi ya kwanta.

Ran Litinin ana tsakiyar gardama sai ga Mahamman na garin Ajekoriya bisa babur, wai ya kawo yadi a ɗinka mashi. Kowa ya san Mahamman shi ke nemo wa ekip ɗin Ajekoriya yara, kuma kowa ya san akwai teloli a Ajekoriya. Amma baƙo ne, anka ba shi tabarma, anka miƙa mashi shayi. Na'Allah ya dube shi ta wutsiyar ido, hancinshi ya ba shi ƙanshin mai saye.

Daidai nan Alhaji Sharifu ya gyara babbar riga ya ce, "Mun gaji. Malam Na'Allah, kai ne mai ido. Tsakanin yaron wajena da ɗan Buzayen nan, raba mana gardama."

Da a ce Na'Allah ya tsaya ya yi tunani, da labarin ga bai samu ba. Amma shekara arba'in ba kwana arba'in ba ce. Ga abin da yake so, ga abin da yake son rabuwa da shi, ga mai saye zaune da kofi a hannu. Bakin ya kama aikinshi tun kai bai ba shi izini ba.

Ya ja tsaki. Ya ƙara ja. "Intalla? Wannan mai ƙafa kamar ta zalɓe? Alhaji, ƙirjinshi fa bai kai faifai ba. Gudun da kuke gani gudun yunwa ne, ku ba shi tuwo sati guda ku gani in zai ɗaga. Ga shi kuma kamar da ɗan ɗingishi a hagu, ku ba ku lura ba. Wanda ya ɗauke shi ya ɗauki jinya." Sannan ya juya, murya ta yi zaƙi. "Amma Amiru! Kai, Amiru! Dubi dantse, dubi wuya. Irin wannan sau ɗaya ake haihuwarshi a gari. Ni tsorona ɗaya, kar wasu su riga mu." Ya ɗan karkata hula wajen Mahamman.

Mahamman ya shanye shayinshi har ganye, ya yi godiya, ya hau babur. Ko yadin bai bari ba.

Na'Allah na murmushi a ciki, yana jiran a kashe mashi ido a ce madalla da dabara. Sai ya ji Alhaji ya tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Kun dai ji da kunnenku. Ni da ma ban so in yi magana ba, kar a ce son kai. Mushe, rubuta Amiru."

Mushe Abdulmumini ya dubi Na'Allah kamar wanda anka taka wa gyambo, ya ciro alƙalami ya rubuta. Na'Allah ya yi tari. Ya ƙifta ido har Idrisa ya tambaye shi ko ƙwaro ne ya faɗa mashi. Babu wanda ya gane. Yaya za su gane? Mutane ne da sunka saba sayen nama a tsire.

Washegari Dela ta aje mashi koko da ƙosai, sunka huce bai taɓa ba. Ta ce, "Malam, wa ya mutu?" Ya kwashe labari ya faɗa mata. Ta yi dariya har ta dafa bango.

"To mi ya yi zafi? Ka koma ka ce masu ƙarya ka yi."

"Ke ba ki san abin da kike faɗi ba. In na ce kushena so ne, yabona kuma neman kai ne, babu mutum guda gindin bedin nan da ban taɓa kushe wa bisa ko in yaba mashi wata ba. Kowa zai koma gida ya tuna. Da wane ido za a ƙara kallona?"

"Da wanda ya kamata tun da daɗewa." Ta ja kujera ta zauna. "Ka manta ran da ka zo neman aurena? Ka ce wa babana ka ji tuwona na da gudaji, kuma kamar ina jin barci da yawa, amma za ka rufa mashi asiri. Ina bayan zana ina jinka. Na ce wa innata, wanga ɗan gajeren ya mutu a kaina."

"Ai tuwon na da gudaji."

"Shekara talatin da takwas kana suɗe kwano. Sha kokonka."

Bai je fada ran nan ba. Ya kwanta ya tashi da abu biyu a ƙirji: ko ya yi shiru sunanshi ya tsira yaron ya tahi Ajekoriya, ko ya buɗe baki ya tone kanshi. Ran Laraba da hantsi wani mai kabu-kabu, babur ɗin haya, ya gaya mashi ya ga Mahamman ya sayi sukari da ganyen shayi ya yi arewa. Na'Allah ya san abin da sukari ke zuwa yi zango. Da la'asar ya sa hula ya nufi gindin bedi, tahiya kamar ta mai zuwa a cire mashi haƙori.

Bai zauna ba. Ya ce, "Jama'a, maganar da na yi shekaranjiya, ku juya ta. Ɗan Buzayen nan babu irinshi daga nan har Maradi. Kushe shi na yi don Mahamman ya bar mana shi. Haka nike yi in ina son abu. Haka na saba."



Alhaji Sharifu ne ya fara magana, a hankali. "Haka ka saba. To saniyata ja, wadda ka ce tana tarin da ba ya jin magani, in rabu da ita tun da sauran numfashi?"

"Tana nan lahiya lau, Alhaji. Ta haihu shida."

"Shida!"

"Ɗaya tagwaye ne."

Idrisa ya aje almakashi. "Ni kuma ragon da ka kawo mani, ka ce ko gidan sarki ba a yanka irinshi?"

"Ai ya kai layya."

"A kwance ya kai! Mu huɗu munka tallabe shi anka yanka!"

Nan fa wuri ya kaure. Wannan ya tuno jakinshi, wancan ya tuno tunkiyar uwarshi, wani ma raƙumin kakanshi ya tono wanda Na'Allah ya rantse ba a hannunshi ya bi ba. Shi dai yana tsaye yana karɓa, kunnuwan nan sun yi laushi. Da ƙura ta lafa Alhaji ya ce, "To Amiru fa? Shi mi ne ne?"

Na'Allah ya ce, "Yaro ne mai ladabi. Takalminshi kuma na da kyau."

Mushe Abdulmumini ya sunkuyar da kai, yana ɓoye dariya.

Amma Alhaji ba a banza ya yi arziki ba. Ya ce, "Tsaya. Ka ce in ka yaba abu, neman kai kake da shi. Yanzu ga ka nan kana yabon ɗan Buzaye. Mu kake son ka sayar wa gurgu ke nan?"

Na'Allah ya ga an rutsa shi. In ya yaba, ƙarya. In ya kushe, an riga an ji. Karo na farko a rayuwarshi bakin da ya noma mashi ya rasa hauya. Mushe ne ya cece shi, ya ce tunda takarda sai azahar, gobe da safe a je zangon kowa ya gani da idonshi.

Ran Alhamis sunka ɗunguma cikin motar hatsin Alhaji, Na'Allah a baya bisa buhuna don babu wanda ya ce ya shigo gaba. Sunka tarar da Mahamman ya riga ya baje a tabarma tare da mahaifin Intalla, wani dogon tsoho mai rawani wanda gwiwoyi sunka gama da shi. Anka gaisa, anka tambayi ruwa, anka tambayi bisashe. Sannan tsohon ya dubi Na'Allah, idanunshi na dariya ta saman rawani.

"Ka daɗe a hanya, dillali. Tun shekaranjiya nike jiranka. Baƙon ga kwana biyu yana zuba mani sukari, na ce ya yi haƙuri, akwai wanda ya riga shi tayi."

Mahamman ya ce, "Baba, wane tayi? Zagin yaron fa ya yi, a gabana!"

"Shi ne tayin. Da labari ya iso cewa Na'Allah ya ce ƙafar zalɓe, har da ɗingishi, na ce wa yaro kar ka amsa wa kowa. Tsaki nawa ya ja?"

"Biyu," in ji Idrisa.

"To. Duk mai riƙe da igiya daga nan har Badar Gula ya san wannan. In ya ja ɗaya, bisarka mai kyau ce. In ya ja biyu, ka naɗe igiyar a hannu ka zauna, zai dawo. Mu da gangan muke ɓata fuska don ya ji daɗi. Mutum ne mai son a ɓata mashi fuska."

Na'Allah ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Asirin da ya yi shekara arba'in yana ɓoyo, wanda jiya ya sayar da mutuncinshi kafin ya furta, ashe ko yaran da ke bin awaki sun haddace shi. 'Yan birni kaɗai ke cikin duhu, su ɗin ma ga su nan tsaye suna kallonshi.

Alhaji Sharifu dai ya gamsu, don ya san makiyayi ba ya wasa da abin da ya shafi igiya. Ya ce a goge Amiru, zai san abin da zai gaya wa ƙanwarshi. Mahamman ya tashi yana karkaɗe riga, ba a shiga cinikin wani, ko a Ajekoriya haka ne. Sukarin dai ya zauna.

Sai tsohon ya ɗaga yatsa. "Saura abu guda. Damina ce, gonaki sun kewaye mu, hatsi ya tasa. Yaron ga shi ke tsare mani bisashe kar su yi ɓarna. Duk la'asar ɗin da zai tahi bin fatarku, sai kun ba ni wanda zai tsaya madadinshi. Kuma ba kowane sakarai ba, wanda ya san bisa."

 Kawuna sunka juya gaba ɗaya wajen Na'Allah, kamar na tumaki in sun ji motsin dusa.

Haka Na'Allah ya samo wa Hadarin Gabas ɗan wasan da ba ta taɓa samun irinshi ba, kuma haka ya zama shi kaɗai ne cikin magoya baya bai ga wasanshi ba. Duk ran da ake bugawa, gari na teren, shi yana kan tudu da sanda yana rantse-rantse da awaki. In iska ta juyo takan kawo mashi ihu, amma ihu ba ya faɗin wa ya ci. A kasuwa kuwa mutanen gari sun ci gaba da gaishe shi, sai dai ragunansu wajen wani dillalin suke kaiwa. Makiyaya ne sunka ƙara riƙe shi, sun ce wanda ya yi maka kiwo ya zama na gida.

Ran wasa na uku, wanda daga shi anka fitar da Hadarin Gabas, haƙurinshi ya ƙare. Akwai wata tsohuwar taguwa a garken, mai sanyin hali. Mutumin da raƙuma fiye da ƙirga sunka bi ta hannunshi bai taɓa hawa ko guda ba, ran nan ya gurfanar da ita ya ɗare, ta miƙe da shi yana salati, hula a hannu. Daga can sama ya hango teren, ƙarami kamar faifai, mutane kamar tururuwa. Ba ya ganin tamola, ba ya ganin fuska. Amma ya ga wani ɗigo guda ya fice daga cikin sauran, ya kauce, ya ƙara kaucewa, ya miƙe kamar an harba shi. Ba sai an gaya mashi ba. Tahiyar bisa ko ta mutum, in ya gan ta sau ɗaya ya gan ta ke nan.

Yana can sama yana ihu shi kaɗai, bai san yadda ake ce wa taguwa ta durƙusa ba, awaki sunka bi ta ƙarƙashinshi ɗaya bayan ɗaya sunka shige gonar wake. Gonar kuwa ta Idrisa tela ce. Har yau ba a gama wannan shari'ar ba.